Shekara Goma Sha Biyar da Rasuwar Yaya Asabe, Ma'aikaciyar Jinya

Shekara goma sha biyar ke nan da kwalara ta ɗauke mana Yaya Asabe, kuma har yau idan aka ce mini "kwana ne ya ƙare" sai raina ya ɓaci. Na yarda da ƙaddara. Sakaci ne ban yarda a sa masa rigarta ba.

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti tsakanin Funtua da Malumfashi. Shekarar da annobar ta shigo, ana tsakar ɗibar auduga, aka riƙa kawo mutane daga gona a kan jaki, har sai da aka kafa rumfar zana don gado ya ƙare. Ita ta ajiye kwanon ruwan magani da sabulu a bakin rumfar. Ba ta taɓa yi wa mutum allura ba ta tafasa ta ba. Abokan aikinta suka sa mata suna Uwar Sabulu, suna dariya.

Babbansu kuwa, wani dattijo, yakan fito daga cikin masu amai da gudawa ya zarce randar ma'aikata, ya tsoma moɗa har da yatsunsa.

"Malam, don Allah a wanke hannu," in ji ta.

"Ke yarinya, tun kina goye nake wannan aiki."

Ba a yi mako ba ta kwanta. Ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya ya ƙare, ta cika a hannuna kafin a samo mota. An ce wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, amma a nan wanda ya ƙi ji daban, wadda ta gani daban. Dattijon ya zo gaisuwa, ya miƙo mini hannun nan, na karɓa don kunyar jama'a.

Watan jiya na kai mahaifiyarmu wani asibiti. Ina kallo wani malamin asibitin ya wanke wa wani gyambo, ya goge hannu a riga, ya ce wa Inna ta buɗe baki. Da Yaya na nan, da ta tsayar da layin nan kaf. Ni dai na riƙe hannun Inna na ce sai ya wanke. Ya harare ni, amma ya tashi.

Ba a sa sunan Yaya a ko da ɗaki guda na asibitinsu ba. Sai dai ranar kasuwa wata tsohuwa daga Maska ta tare ni, ta nuna mini 'yarta da goyo a baya, ta ce, "Wannan a rumfar yayarka ta warke." Allah ya jiƙan Asabe. Masu sakaci kuma, ni ban yafe ba tukuna.