Kibiyar da Yaya Abdu Bai Gani Ba

Bana shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar yayana Abdullahi, wanda mutanen unguwar Doka suka sani da Abdu Akanta, mu kuwa a gida Yaya Abdu muke ce masa. Duk shekara idan watan ya zagayo, 'ya'yansa kan taru a gidansa na Unguwar Rimi, a yi masa addu'a, a ci abinci, a tuna barkwancinsa. Ni ma nakan je, a yi dariyar da ni. Amma abin da yake biyo ni har ɗakina a Badarawa ba abin dariya ba ne. Tsoro ne. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin wanda na ji a ɗan ofishinmu ba, lokacin da muke neman manhajar lissafin haraji da za mu saya.

Ni ce autar gidanmu, kuma Auta yake kirana har na yi jika. Da mijina ya rasu ya bar ni da yara, Yaya bai tsaya dogon jaje ba. Cewa ya yi, tun da na iya buga tafireta, in shirya ranar Litinin in zo ofis. Ofishin ɗaki biyu ne a saman wani shagon sayar da taya. Masu kawo mana aiki ƙananan 'yan kasuwa ne: masu kantin magani, masu gidan burodi, 'yan kwangila, da wata makarantar kuɗi. Shi kaɗai ke da takardar shaidar akanta, shi kaɗai ke da hatimi, sa hannunsa kaɗai ofishin haraji ya sani. Gidansa, da gidana, da tsohuwarmu a Zariya, duk a wannan sa hannun muke ci.

A tsakiyar shekarun casa'in aka shigo da sabon harajin kayan saye, wanda sai an kai lissafinsa kowane wata. Aiki ya yi mana yawa. Ga shi zamanin soja ne, ba a wasa da maganar haraji. Kuskure kaɗan, sai ka ji an zo an garƙame wa mutum shago, shi kuma ya hawo bene yana huci, yana neman wanda ya yi masa lissafi. Yaya ya sayo kwamfuta ta hannu, aka ajiye ta a kan tebur an lulluɓe da leda, muna kallonta tana kallonmu. Saura abin da za a zuba mata ta yi aikin. Yanzu ne ake cewa manhaja, mu a lokacin furogiram muke cewa.

Biyu aka kawo mana. Ta farko ta wani kamfani ce daga Legas, sabuwa fil, ita manyan ofisoshi ke rububi. Ta biyu ta wani dattijo ce, Malam Iliya, wanda ya yi ritaya daga sashen kwamfuta na wata ma'aikata, ya zauna ya rubuta tasa da kansa. Duk wanda muka nemi shawararsa ta Legas ya ce. Ni ma ita nake so, don ina son a ce mun waye.

Wakilin kamfanin ya zo da hantsi, mutum mai fara'a da ladabi, ya sa faifansa ya kunna. Kai, abin gwanin sha'awa! Launi iri-iri, ga 'yan hotuna, ga akwatuna jere a gefe. Ba a cika taɓa madannai ba, sai dai a ja ɗan abin nan mai wutsiya da suke kira ɓera, wata 'yar kibiya fara ta riƙa yawo a kan gilashi. Ya gama nuna mana, ya miƙe ya ba Yaya kujera.

"Ranka ya daɗe, gwada da kanka. Kai kibiyar kan akwatin can na sama."

Yaya ya ɗora hannu ya ja. Kibiyar ta tafi can gefen dama ta tsaya. Ya sake ja, ta gangaro ƙasa. Ina tsaye a bayansa ina ganinta ƙuru-ƙuru, mutumin yana ganinta, amma Yaya sai juya kai yake yi gaba ɗaya, hagu da dama, kamar mai neman allura a tabarma. Mutumin ya sa yatsa a kan gilashin ya ce ga ta nan. Yaya ya ce, "Ina?" Har na buɗe baki zan tsokane shi da cewa tsufa ya zo, sai na ga zufa tana gangarowa a bayan wuyansa, alhali fanka tana kansa.

Abubuwan da na daɗe ina gani ban kula ba suka taru a kaina. Kafaɗarsa da yake yawan bugawa a bakin ƙofa. Tuƙin da ya daina, ya ce wai girma ya zo. Kofin shayi da zan ajiye masa a gefe ya huce bai taɓa ba, in ya tashi ya ce ban kawo ba. Mahaifinmu tela ne a Zariya, kuma haka nasa ya fara, daga gefe, har duhun ya haɗe a tsakiya. Ni na riƙa ja masa sanda ina yarinya. Na ga yadda masu kawo ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa ba rigima, har keken ya yi tsatsa a zaure, muka koma cin abin da dangi suka aiko. Na laluba kujera na zauna.

Da mutumin ya tafi na rufe ƙofa na ce, "Yaya, tun yaushe?"

Bai yi musu ba. Ya ce likita ya daɗe da gaya masa, hawan jinin ido ne, irin na Baba. Yana ɗiga magani, maganin yana rage masa gudu, amma abin da ya tafi ya tafi. Ya ce yanzu kamar ta cikin bututu yake kallon duniya, kuma bututun ƙara tsukewa yake yi. Ko matarsa bai gaya wa ba. Na fashe da kuka, ya daka mini tsawa ƙasa-ƙasa.

"Ke Auta, rufe mini baki, akwai mutane a ƙasa! Kukan na mene ne? Je ki kirawo mini Malam Iliya."

Washegari Malam Iliya ya zo da faifansa a aljihun riga. Tsakani da Allah tasa manhajar ba ta da kyan gani ko kaɗan. Baƙin allo ne da koren rubutu, ba hoto, ba kibiya. Ka danna ɗaya, albashin ma'aikata. Ka danna biyu, harajin kayan saye. Ka danna uku, ta buga takarda. Yana ta ba da haƙuri yana cewa ai tsohuwar hanya ce. Yaya ya bar shi ya gama, sannan ya ɗauko tawul ɗin da yake goge fuska bayan alwala ya yafa a kan gilashin.

"Malam, yi mini lissafin wata guda a haka."

Dattijon ya dubi tawul, ya dubi Yaya. Ya gane, amma bai furta ba, Allah Ya saka masa da alheri. Ya jawo madannai ya yi aikin tsaf, injin ya turo takarda. Yaya ya tambaye shi ko lambobin nan za su taɓa sauya wuri. Ya ce muddin yana raye, ɗaya tana nan a ɗaya. Ya tambaye shi ko zai iya sa ta yi ƙara idan an yi kuskure. Ya ce zai iya. Yaya ya ce shi ke nan, ita za mu saya.

Malam Iliya ya ƙara girman rubutun, kuma ya tsara ta yadda kowane adadi sai an shigar da shi sau biyu. Ni zan fara shigarwa daga rasit, sannan in karanta da baki, Yaya ya sake shigarwa da hannunsa. Idan nawa da nasa suka saɓa, sai ta yi wani ƙara mai ban haushi, ta ƙi gaba. In ta buga sakamako in karanta masa, shi kuma ya auna da kansa, don ya san cinikin kowane shago kamar yadda ya san sunayen 'ya'yansa. Ya ce ba zai taɓa sa hannu a kan abin da bai bi ta kansa ba.

Dariya kuwa mun sha ta. Wani abokin aikinsa ya leƙo ya ce, Abdu, wannan ai rowa ce, ka sayi jaki ana sayar da mota. Yaya ya yi dariya ya ce jakin ya san hanyar gida. Ni ko murmushi na kasa. Kullum bayan la'asar, idan mutane sun ɗauke ƙafa, sai ya yafa tawul ya yi ta gwaji, alhali yana da sauran gani. Ranar farko ƙarar kuskure ta cika ofis har mai taya ya aiko a tambaya ko lafiya. Ina zaune ina kallon yayana yana koyon makanta tun kafin ta iso. Duk takun da na ji a matakala sai in ce shi ke nan, an gane, an zo kwashe fayil. Duk ambulan da ya zo daga ofishin haraji sai na daɗe ina jujjuya shi kafin in buɗe. Na rame, har tsohuwarmu ta tambaya ko ciwo nake ɓoyewa.

Sai da hannunsa ya faɗa sosai, sannan ya gaya wa iyalinsa, ya kuma kira masu kawo mana aiki ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu gaskiya. Na roƙe shi kada ya yi, na ce za su gudu. Ya ce in sun gudu da saninsu ya fi su zauna da rashin sani. Wasu sun kwashe fayil ɗinsu kuwa, har da makarantar nan da muke taƙama da ita, kuma ban ga laifinsu ba. Mai gidan burodi ya ce shi a nuna masa tukuna. Yaya ya yafa tawul ya yi masa lissafin watan a gabansa. Mutumin ya ce, "Ikon Allah," ya bar fayil ɗinsa ya sauka.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Babbar 'yarsa ce ke riƙe da ofishin, ta yi karatun ta karɓi hatimi. Komai yanzu ta intanet ake turawa, kuma manhajar da suke aiki da ita kan sauya fuska ba sallama, abin da ke dama yau gobe ya koma hagu. Wayar hannuna ma gilashi ce sumul, babu madanni ko ɗaya da yatsa zai laluba. Na san zai yi tsaki ya ce an yi ta ne don masu ido. Amma jikata ta nuna mini cewa wayar tana iya karanta rubutu da murya, kuma na tabbata da ya ji wannan, da ya kwana yana yi mata tambayoyi. Ba don nishaɗi na sa aka nuna mini ba. Bara likita ya duba ni ya ce ni ma abin ya taɓa idona na hagu. Ina ɗiga magani safe da yamma, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina jin tsoro.

Idan tsoron ya taso, ranar nan nake tunawa. Shekaru sun shuɗe da sayen manhajar, ɗan ganin da ya rage masa bai wuce hasken taga da koren allo ba. Ƙarshen wata ne, da rana tsaka, muna kan lissafin wani mai kantin magani da za a kai washegari. Ina karantowa yana dannawa. Sai na ji madannai sun yi shiru.

"Auta, an ɗauke wuta ne?"

Na ɗaga kai. Ƙwan lantarki yana ci, allo yana nan kore shar, rana ta cika taga. Abin da na yi shekaru ina tsoro ga shi ya shigo ya same mu a zaune. Ya ɗan karkata kai yana saurare. Fanka tana juyawa a samanmu, kuma na san ya ji ta.

Ya yi salati a hankali. Ya shafa fuskarsa da tafin hannu biyu, ya daɗe a haka. Na ga yatsunsa suna rawa lokacin da ya mayar da su kan madannai, yana laluben inda ya tsaya. Shi ma tsoron yake ji, ashe, bai fi ni ƙarfin zuciya ba.

"Ina muka tsaya?"

Na gaya masa.

"To, karanto na gaba."

Na karanto, ya danna, injin bai yi ƙara ba. Muka gama lissafin, na kama hannunsa na ɗora a inda zai sa hannu, ya sa, ya buga hatimi. Washegari aka karɓi takardar ba tare da gyara ba. Ya ci gaba da hawa benen nan kullum har ciwon ajali ya kwantar da shi, kuma babu ɗan da aka cire daga makaranta, nasa ko nawa.

Kwamfutar ta daɗe da mutuwa, Malam Iliya ma ya riga mu gidan gaskiya, manhajarsa ko sunanta babu mai tunawa. Yaya bai bar mana dukiya ba, bai kuma bar mini maganin tsoro ba, don har gobe ina jin sa. Abin da na gani a wurinsa shi ne mutum yana iya jin tsoro har hannunsa ya yi rawa, kuma ya yi aikinsa daidai da wannan hannun. Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya haskaka kabarinka. Na fara rufe ido ina zaga ɗakina da rana, ina koyon inda komai yake.