Inna ta hana a ƙirga mu

Jama'a, yau saura kaɗan Inna ta kori mai saka mana intanet a gida!

Mutumin ya taso daga Kaduna har Birnin Gwari. Ya ce ƙarfin intanet ɗin da zai saka ya danganta da yawanmu. "Ku nawa ne a gidan?"

Zan buɗe baki ke nan, Inna ta harare ni. Kun san mahaifiyata Bafulatana ce, ba a ƙirga mata 'ya'ya ko shanu. Ta ce, "Mu 'yan kaɗan ne, Allah ya ƙara."

Sai ya saka mana ƙarami. Muka kira ƙanwata da ta haihu a Zariya don Inna ta ga jariri. Hoto ya tsaya cak, kunnen yaron kawai muke gani!

Mutumin ya ce, "Inna, wayoyi fa, ana ƙirgawa?"

Ta ce, "Waya ba ta da rai."

Aka kawo faifai, kowa ya ajiye tasa, har ya cika. Nan take ya canza mana babba. Sai ga jariri tar, yana hamma! Inna ta rangaɗa guɗa.

Mutumin ya manta, ya ce, "Jika na nawa ke nan?"

Inna ta ce, "Ɗana, ɗauki jakarka."