Dusar da ta yi gumi

Mu da muka tashi a unguwar Hindawiyya ta Makka zafi muka sani, sanyi kuwa tsoronsa muke. Shi ya sa da Yaya ya kai ni duwatsun ƙasar Jojiya a ƙarshen hunturu don zamiya kan dusar ƙanƙara, muka ƙi fita sai da rana ta take.

Jagoranmu, wata mata mai furfura, ta soka sanda a gangaren, sandar ta nutse gaba ɗaya. Ta damƙo dusar ta matse, ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsunta. Ta ce rana ta jiƙa ta har ƙasa, ba mai hawa yau.

"Yalla, Yaya, lallashe ta mana," na ce.

"Halas, magana ta ƙare, ƙanwata. Dutsenta ne."

Muna cikin saukowa gangaren ya ɓalle a bayanmu da ruri, ya binne daidai inda na so tsayawa.

Mako uku ke nan da dawowarmu Makka, har yanzu ƙarar babbar mota tana sa ni waiwayawa. Amma matar ta ce da asuba dusar tana daskare, tana riƙe mutum. Tashin asuba kuwa, mun iya shi tun muna yara.