Liƙin da Na Yi wa Direbana

Shekara huɗu na yi ina zaman gaban mota ɗaya, daga ofishina na Tianxiu a birnin Guangzhou na ƙasar China zuwa unguwar Shiling, Litinin da Laraba da Asabar. Jakunkunan mata nake saro wa 'yan kasuwar Kano, a Shiling kuma ake ɗinka su, tafiyar kusan awa guda in hanya ta yi kyau. Direban ɗan China ne, siriri, ya haura arba'in, furfura ta fara cin gefen kansa. Ranar farko ya ce mini "lawban", wato maigida, kamar yadda kowane mai shago yake ce wa mai saye. Ban zaci zan riƙe ko fuskarsa ba.

Rigima ce ta fara haɗa mu. Wani kiɗa yake sawa a motar, jita da ganguna, kamar an saki kwanuka daga saman bene. Ni kuwa da kalangu da kukuma kunnena ya saba. Na daure mako guda, sannan na miƙa hannu na kashe. Ya dube ni, ya nuna rediyon, ya nuna ƙirjinsa. Ashe waƙar ƙungiyarsu ce, muryarsa na kashe. Kunya ta rufe ni, na maida hannu na kunna, har da ƙara sauti.

Da guntun Turancinsa da fassarar waya na haɗa labarin. Su huɗu ne: shi da jita da waƙa, wani mai gyaran firji da jita ta biyu, sai wa da ƙani, ɗaya ganguna, ɗaya babbar jitar nan mai gurnani. Babu kamfanin da ya tsaya musu. A wani ɗaki da suka manne bangonsa da kwalin ƙwai suke ɗaukar waƙa ranar Lahadi, suna haɗa faifai mai waƙa goma. Waƙoƙin gajeru ne, kafin ka gyara zama an gama. Jita na ta tsawa, amma karin waƙar zaƙi ne da shi, in an zo amshi kuma murya uku ke haɗuwa, sai ka tsinci bakinka yana bi alhali ba ka san ko kalma ɗaya ba.

Ban san ranar da na zama alƙalinsu ba. Duk Litinin zai sa abin da suka ɗauka jiya, in ya ƙare ya juyo ya ce, "Yaya?" A bakina ya tsince ta, domin da ita nake tambayar masu ɗinki. Ni kuma amsa biyu gare ni: "Ya yi," ko "Da saura." In na ce da saura sai ya daki sitiyari, ya yi ta mita da yarensu, amma Litinin mai zuwa zan ji an gyara wani abu. Ni da ban taɓa riƙe jita ba, na zauna ina yanke wa mutane hukunci, har da girgiza kai. A cikin haka ya daina ce mini lawban. Na koya masa "ɗan'uwa", ya riƙe ta, ko da yake wani iri take fita a bakinsa.

Ba zan ɓoye ba, a duk garin nan mai mutane kamar ƙasa, shi kaɗai ne ɗan ƙasar da yake neman wani abu a wurina wanda ba ciniki ba.

Waƙa ta bakwai ce ta kayar da ni. Ya ce a kan barandar gidansu ne a ƙauye, inda mahaifiyarsa take shanya kafin ta rasu. Ba mai sanyi ba ce, da gudu take tafiya kamar sauran, amma akwai wurin da ganguna ke ɗaukewa a bar muryoyin su kaɗai. Duk sanda aka zo wurin sai in ga tsakar gidanmu, Inna tana tsince shinkafa a faranti, tana kirana da sunan da ba wanda yake kirana da shi yanzu. Ran nan hawaye suka zubo mini daidai wurin biyan kuɗin hanya. Na ce sanyin mota ne ya shiga idona. Ya miƙa hannu ya rage sanyin.

Da faifan ya fito, ya miƙo mini nawa da hannu biyu, ya ce Lahadi da yamma za su buga shi gaba ɗaya a wani ɗan zaure. Ya ƙara da cewa mahaifinsa zai zo daga ƙauye. Shekara ashirin tsohon yana cewa kiɗa bara ce, kuma bai taɓa zuwa ya gani ba.

Nan take na san abin da zan yi. A wurinmu in mawaƙi ya taɓa maka zuciya ba tafi kake yi ba, tashi kake ka yi masa liƙi a gaban jama'a, kowa ya ga darajarsa. Na ce wallahi sai tsohon nan ya ga yadda ake girmama ɗansa. Samun takardun kuɗin ma sai da ya zama aiki, don a Guangzhou da waya ake sayen ko ruwan sha. Duk shagon da na shiga sai "mayo, mayo", babu. Maƙwabcina a ofis, wani dattijo ɗan Ghana mai aikin lodin kaya, shi ya samo mini sababbi fil. Bai tambaye ni na mene ne ba, ni ma ban faɗa ba.

Na sa shaddata mai ruwan ƙasa, na kafa hula. Zauren bai fi shago uku ba, ni kaɗai ne baƙar fata. Na hango tsohon a kujerar gaba, ya haɗe rai, hannu a kan gwiwa. Suka buga waƙa shida, wuri ya ɗauki zafi, har na ga ƙafar tsohon tana motsi. Da aka shiga ta bakwai na miƙe, na ratsa mutane, na hau dandamalin, na fara manna wa direban takardun kuɗin a goshi, sauran ina watsawa suna sauka a kan jitarsa da ƙafafunsa. Ina yi ina murmushi, ina jiran guɗa. Wasu matasa suka yi dariya, suka ɗaga waya. Shi kuwa fuskarsa ta yi fari, amma bai yanke waƙar ba. Da na waiwaya, tsohon ya tashi yana fita.

Ranar Litinin direban ya zo kan lokaci. Ya miƙo mini ambulan, takardun ne a ciki an jera su tsaf. Ya ce, "Lawban, Shiling?" Har muka je muka dawo bai kunna komai ba.

Na kai ƙara wurin ɗan Ghanan nan ina huci. Ya saurara, ya dafe kai.

"Kai, ƙanina, don me ba ka gaya mini ba? Nan ƙasar, wanda ake jefa ma kuɗi a ƙasa mai bara ne a bakin titi. Takarda kuma da ake watsawa haka sama, a jana'iza ake yi. Kuma a kan waƙar uwarsa! Gaban ubansa!"

"To ni karrama shi na yi, Alhaji."

"Ka je ka gaya mai haka nan."

Ban je ba. Girman kai ya hana ni, ga kuma rashin harshe: ta yaya zan zuba wannan magana a waya ta fassara? Wata biyu muka yi muna zirga-zirga shiru, yana lawban, ina kallon taga. Kullum ina cewa gobe. Ana haka takardun zamana suka ƙare, na tattara na dawo Kano, yanzu ta waya nake odar kaya. Wani direban ne ya kai ni filin jirgi.

Faifan yana motata. Yarana sun haddace amshin waƙa ta uku, suna rerawa da Sinancin da ba na kowa ba. Ta bakwai kam sai ina ni kaɗai nake sawa. Ina kewar hanyar Shiling, hanyar da ba komai a kanta sai gadoji da manyan motoci, kewar da ban taɓa zaton zan yi ba.

Bara aka yi bikin 'yar yayata. Aka kawo wani tsohon makaɗin kalangu, dattawa suka yi layi da manyan riguna suna manna masa kuɗi a goshi, mata na guɗa, shi kuma yana ta washe baki. Ina tsaye sai na ciro waya na ɗauki bidiyo. Na tura wa direban, ban rubuta komai ba.

Kwana tara shiru. Na goma ina shago saƙo ya shigo. Sabuwar waƙa ce, ba a gama gyara ta ba, ana ma jin tarin mai ganguna a farko. A ƙarshenta sai muryarsa: "Ɗan'uwa, yaya?"

Na saurara sau biyar. Waƙar ta yi, babu abin da za a taɓa a cikinta. Na danna waya na ce masa, "Da saura," don ya sake turowa.