Malam Yusha'u Mai Raya Kututture

Kullum bayan sallar asuba, kafin masu ƙosai su hura wuta, Malam Yusha'u ya riga ya tayar da tsohon babur ɗinsa a unguwarmu nan Gusau. Ba ya ɗaukar komai sai 'yar wuƙa da gorar ruwa. Yau Bungudu, gobe Tsafe, har a shekarun nan da hanya ta zama abar tsoro. Ma'aikacin gandun daji ne da ya karanci ilimin muhalli, kuma a watan nan ya yi ritaya. Ni maƙwabcinsa ne, na daɗe ina yi masa tsiya cewa ana biyansa albashi don ya hana mutane sharar gona.

Aikin nasa kuwa kusan haka ne. Bai damu da dashen itacen biki ba, irin wanda ake ɗaukar hoto a watse, awaki su ƙarasa. Roƙonsa ga manoma shi ne, in sun zo sassabe kada su sare duk tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututtura. A bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa, ba ta bukatar ban ruwa. Faɗa dai da sauƙi, domin a wajenmu gonar da aka share tas ita ce ta namiji, mai sabara da kalgo kuwa ta rago ce.

Wanda ya fara yarda shi ne Jibo, wani manomi a Nahuce, shi ma don tura ta kai bango ne. Kwazazzabo yana cin gonar da ya gada, kowace damina sai ya yagi wani yanki, har ya fara maganar barin noma ya koma birni. Shi da Malam Yusha'u suka bar gawo da kalgo da sabara suka tashi, har suka kai tsayin mutum, ƙasa ta fara tsayawa.

Sai Jibo ya kwanta ciwo dab da saukar damina. 'Yan'uwa da surukai suka dubi gonar, kunya ta kama su a madadinsa. Suka haɗa masa gayya bai sani ba, suka sare komai, suka tara rassan don a ƙone. Suna shan fura Malam Yusha'u ya iso. Zakari, yayan Jibo, ya tare shi da fara'a.

"Malam, ka ga aikin da munka yi wa ɗan'uwa? Yanzu gona ta koma ta mutane."

Waɗanda ke wurin sun ce ya daɗe yana kallon gonar. Da ni ne, da ranar an ji kanmu. Shi kuwa zama ya yi, ya karɓi ludayi ya sha.

"Allah shi saka da alheri, zumunci ya yi," in ji shi. "Abu ɗaya nike roƙo, kar ku sa wuta. Ku taimake ni mu jibge rassan ga cikin kwazazzabo."

Suka kwashe su tare, rassan da za su zama toka suka zama shingen tare ƙasa. Daga nan ya wuce gidan Jibo, wanda labari ya riga ya iske, ya same shi yana cewa gona ta tafi.

"Jibo, gashi sunka aske, kai na nan," in ji Malam Yusha'u. "Ka dai samu lafiya."

Ruwa na sauka kututturan suka sake toho. Da shekara ta zagayo, Zakari da kansa ya nemi a nuna masa wane reshe ake bari.

Malam, kai ne ka san cewa mutumin da aka kunyata a gaban jama'a ba ya sake sauraronka. Ka ga wahalarka a sare, ka haɗiye, ka yi godiya. Na yi maka tsiya iya tsiya, amma Allah ya sani ina alfahari da maƙwabtakarmu.

Mun gode, Allah ya ba da lada, ya sa hutu cikin lafiya. Ku kuma matasan da ke karatun daji da ruwa da ƙasa, ku koyi haƙurin zama da manomi kamar yadda kuka koyi sunayen itatuwa. Malam, makon jiya na haɗu da Jibo a kasuwar Bungudu, ya ba ni saƙo in kawo maka: gonar da ya yi niyyar bari, 'ya'yansa ne za su gaje ta.