Inci Biyu Kowane Gefe

Shekara talatin da biyu Malam Inci ya yi a ofishin duba gine-gine, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ya kalli gini ya ce ya yi ba. Sunan ma birkiloli ne suka laƙaba masa. Zai iso wurin aiki da tef ɗin awo rataye a ƙugu, ya zaga, ya tsuguna, ya miƙe, sannan ya ce, "Saura inci ɗaya. A rushe." Akwai bawan Allahn da ya sa ya fasa matakalar bene sau uku, har mutumin ya haƙura da benen ya yi zamansa a ƙasa. Cin hanci kam ba ya karɓa, kowa ya shaida masa wannan, shi ya sa ma aka fi jin haushinsa, don babu ta inda za a lallashe shi.

A gida ma bai sauya hali ba. 'Ya'yansa huɗu sun san tsawon gadajensu kafin su san ranar haihuwarsu, kuma suna girma kowa ya kama gabansa. Aka bar shi da matarsa, malamar firamare, wadda shi da unguwa duka suke kira Malama. Mace ce mai haƙuri irin na wanda ya saba koya wa yara sittin rubutu a aji ɗaya.

Shekarar da ya yi ritaya ya sayo motar. Tsohuwa ce ja, mai ƙofa biyu, irin wadda ake zuge rufinta na tamfol a naɗe shi a baya. Ta bi hannu biyar kafin ta zo nasa, kuma kowane hannu ya bar mata tabo. Tamfol ɗin duk faci ne, kushin ya tsage, salansa tana tari. Malam Inci ya tsaya a tsakar gida yana shafa ta, ya ce, "Malama, don ke na saya. Bari in gama gyara ta, in zuge rufin nan, in zaga gari da ke kowa ya gani."

Malama ta ji daɗi har cikin ranta, don tun da suka yi aure bai taɓa faɗa mata magana mai laushin wannan ba. Washegari ta ba abokan aikinta labari a ɗakin malamai. Kuskurenta ke nan, kuma shekara goma sha ɗaya ta yi tana biyansa.

Gyara dai an yi. Aka sauke inji aka wanke, aka sauya fulogi da batir da lagireto, aka ɗinka sabon tamfol, aka fesa fenti har sau biyu saboda na farkon bai yi masa ja sosai ba. Da mota ta fito tana ƙyalli, sai Malam Inci ya gano cewa duniya gaba ɗaya maƙiyiyarta ce. Rana tana busar da tamfol, ruwa yana sa masa fumfuna, tsuntsaye kuma kamar an aiko su. Ya sare bishiyar da Malama take shan inuwa a ƙarƙashinta, tsuntsayen suka koma kan waya suka ci gaba da aikinsu. Sai ya yanke shawarar gina mata ɗaki.

Shi ya zana da hannunsa. Ƙofar kuwa ya auna ta daidai faɗin motar, ya ƙara inci biyu kowane gefe. Birkilan da ya kira, wani dattijo da ya sha rushe gini a hannunsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan ƙara mata mana, ko don gaba."

"Babbar ƙofa ƙura take shigarwa da idon mutane. Wanda ya iya tuƙi, inci biyu ya ishe shi."

Ranar da aka gama ya shigar da ita da kansa, ko ƙuda bai taɓa ba, ya fito yana duban jama'a ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar motar ba ta sake ganin rana ba.

Kada a ce ya yi watsi da ita. Ina! Kowace Asabar zai tayar da ita minti goma, ya matsa gaba taku ɗaya, ya dawo baya taku ɗaya, don kada tayoyi su kwanta. Yana da tsumma na gilas, da na bodi, da na tamfol, kuma in ka musanya su ka shiga uku. Bakanike ma gida yake zuwa, don ba za a kai ta gareji ta shaƙi hayaƙin wasu motoci ba. A cikin ɗakin nan aka sa mata faffaɗan tayoyi. Da tayoyin suka leƙo waje, aka ƙera musu leɓen ƙarfe a sama. Aka cire ƙananan maduban gefe masu naɗewa, aka kafa manya masu walƙiya. Ɗakin ma bai tsira ba: danshi ya taɓa bango aka ƙara filasta, ƙofar katako ba ta yi masa ba aka kafa ta ƙarfe da firam mai kauri. Kowane aiki ya auna shi da tef ya rubuta a fayil. Motar tana da fayil nata, ɗakin yana da nasa, kuma bai taɓa buɗe su tare ba.

In Malama ta ce, "Malam, yaushe ne zagayen namu?" sai ya ce saura kaɗan, birki ne bai gama gamsar da shi ba. A makaranta kuwa magana ta zama abin dariya. Duk abin da aka yi alkawari bai zo ba, ko alli ne ko ƙarin girma, sai a ce yana cikin motar Malama. Wata sabuwar malama ta taɓa tambayarta cikin ladabi ko motar a hoto take. Malama takan yi murmushi, amma abin yana cinta, kuma Malam Inci ya sani, don ya sha ganin ta tsaya a bakin ɗakin tana kallon motar.

Da lokacin ritayarta ya zo, ta same shi yana goge fitila.

"Malam, ban taɓa matsa maka a kan motar nan ba."

"Haka ne."

"Alhamis ce ranata ta ƙarshe. Za su yi mini taron bankwana, a tashi ƙarfe biyu. Ka zo ka ɗauke ni a bakin get, rufi a zuge. Su gani sau ɗaya, su san ba ƙarya na yi ba. Daga nan ka mayar da ita ka kulle, ba zan ƙara magana ba."

Ya ajiye tsumma ya ce, "Ƙarfe biyu daidai. Kin san ni da lokaci." Kuma da zuciya ɗaya ya faɗa, don yana son matarsa, irin son da yake yi wa komai, wato a ajiye a lulluɓe.

Ranar Alhamis tun hantsi ya gama shiri. Ya sa fararen kaya da baƙin tabarau, ya zuge tamfol ya naɗe shi kamar mai naɗe jariri. Sha biyu da rabi ya wangale ƙofa, ya tayar da mota, ya sa giyar baya. Ta taho a hankali. Sai ya hango ginshiƙin ƙofa a madubi, kusa fiye da yadda ya san shi. Ya taka birki, ya fito, ya zaro tef.

Ya auna ƙofa. Ya auna mota. Ya sake aunawa, ya goge tabarau, ya cire shi ma gaba ɗaya. Filasta da firam sun cinye inci uku, madubai sun ƙara wa mota shida. Motar ta fi ƙofarta faɗi da inci biyar. Ya waiga ko wani ya gani.

Ya fara kiran bakanike. Mutumin ya zo da sifanu, ya duba maduban ya ce, "Malam, ai kai ka ce in like su da walda saboda ɓarayi."

"Ɓarayin ina, a ɗaki kulle?"

"Abin da na tambaye ka ke nan a lokacin. In yanke su?"

"Ka yanke me? Wuta kusa da fentin nan?"

Sai aka nemo birkila. Dattijon ya zo da guduma da cizal, ya tsaya ya ƙare wa ƙofa kallo, ya ƙare wa mota kallo, fuskarsa ta cika da wani irin farin ciki da bai ko yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Ya miƙa hannu ya ari tef ɗin Malam Inci, ya tsuguna, ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, saura inci biyar," ya ce. "A rushe."

Bakanike ya juya baya yana tari. Malam Inci ya haɗiye, don ƙarfe ɗaya da kwata ta yi.

Da an bar dattijon da gudumarsa, rabin awa ya ishe shi. Amma yana ɗaga ta Malam Inci ya riƙe masa hannu. Tsakuwa za ta yi tsalle ta sami bodi. Aka shiga gida aka kwaso barguna, aka ciro katifar gadon Malama, aka lulluɓe mota aka ɗaure. Sannan ya ce ba da guduma za a fara ba, a bi da cizal a hankali, kuma gefe ɗaya kawai, kada bangon ya tsage. Ya ja layi da fensir inda za a tsaya. Birkila yana sara, shi yana aunawa.

Biyu da minti goma waya ta yi ƙara, Malama ce. "Ina hanya," ya ce, ya kashe. Biyu da rabi ta sake kira, yana jin hayaniya da dariyar mata a bayanta, wata tana cewa a fito a jeru, motar Malama ta kusa. Ya ce go-sulo ne. Ƙarfe uku da 'yan mintoci ta kira na uku. Wannan karon babu hayaniya.

"Malam, sun fara tafiya," ta ce. Kuma ita ta kashe.

Ya tsaya riƙe da waya. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, shi da ya ƙare rayuwarsa yana kunyata wasu. Aka ɓamɓare firam na gefe ɗaya, aka ci bulo, ya auna: saura inci ɗaya.

"Minti ashirin," in ji birkila.

Malam Inci ya yaye barguna, ya ture katifa, ya shiga ya sa giya. Ƙarar da ta biyo baya har maƙwabta sai da suka leƙo. Madubin gefen fasinja ya fita da walda da komai, ya bar rami, ginshiƙi ya ja wa ƙofar motar farin layi tun daga baya har gaba. Shi kuwa bai fito ya duba ba, kuma wannan kaɗai ya isa a rubuta masa a tarihi.

Sai dai shekara goma sha ɗaya rabonsa da titi. An sauya hanyoyi, inda ya sani ana shiga yanzu fita ake yi, masu babur suna wuce shi ta hagu da dama suna tambayarsa ko gawa ya ɗauko. Ya ɓata sau biyu. Biyar saura kwata ya tsaya a bakin get.

Makaranta ta watse. Malama tana zaune a kan bencin maigadi da kayan da aka ba ta a cinya: agogon bango, fulas, da takardar yabo a cikin gilas. Ta ɗaure ɗankwalinta tamau har ƙarƙashin haɓa saboda iskar da ta sa ran sha. Maigadin, wani tsoho mai ido ɗaya, ya taso ya zaga motar.

"Ashe da gaske akwai ta," ya ce. "Gobe zan faɗa musu, Malama. Ko da yake ni ba a cika yarda da ganina ba."

Ta yi masa godiya, ta buɗe ƙofa ta shiga. Suka kama hanya. Tafiyar da yake yi ko gefen ɗankwalin ba ta kaɗa ba. Yana so ya ba ta haƙuri, yana ta juya kalmomin a baki, amma duk lokacin da ya juya wajenta sai idonsa ya zarce kan ramin nan da farin layin da ya taso har leɓen ƙofa, sai ya mayar da kai titi. Can sai ya sake juyowa.

Sun kusa kwanar gida ta gyara agogon a cinyarta.

"Malam, shekara da shekaru ina so in ga kana waigowa gefena," ta ce. "Yau daga makaranta zuwa nan ka yi sau tara, na ƙirga. Ka kwantar da hankalinka, gobe bakanike zai sa maka wani madubin."