Rishon da Baba bai hau jirgi da shi ba

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Habu, a jirgin alhazan da ya kama wuta yana sauka. Shekara goma sha huɗu kuma mutanen ƙauyenmu, nan kusa da Makoda, suna kiran mu 'ya'yan Mai Risho. Ni ba mai yawan magana ba ne, amma bana na gaji.

A waɗancan shekarun na tsanani, maniyyaci kan ƙulla garin tuwo da kuka da daddawa, ya haɗa da risho don kada ya sayi abinci a can. Kowa ya ga Baba da nasa a tashar Ɗambatta. Da Alhaji Sale, maƙwabcin gonarmu, ya dawo da ransa, a tabarmar ƙofar gidanmu ya zauna yana cewa rishon Habu ne ya ci jama'a. Alhali shi Alhaji Sale a gaban jirgin yake, kusa da ƙofa, bai ga komai ba.

Yanzu ina karatun kimiyya, na kuma bi maganar a hankali. Soson kujerun irin waɗancan jirage, da labule, da robar bango, in suka kama, baƙin hayaƙinsu kan kashe na baya tun wuta ba ta iso su ba. A baya Baba yake. Yau ana tsananta gwada kayan nan kafin a sa su. Da Baba yana nan, na san zai tambaya me ya hana a tsananta tun farko. Amma a ƙauyenmu ba wanda ya tuhumi masu jirgin. Manomin da ke kabari ya fi sauƙin tuhuma.

Ranar Juma'a na tari Alhaji Sale bayan salla, na ce masa ba rishon Baba ne ya ci jama'a ba. Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan boko, kana cikin jirgin ne?"

Na ce, "A'a, Alhaji. Amma rishon yana ɗakin Inna."

Ya gyara hula, ya wuce.

Ma'aikatan filin jirgi ne suka hana shiga da rishon, Baba ya ba direban da ya kai su ya maido gida. Inna ta faɗa tun makon farko, aka ce mace ce tana kare mijinta. Sai ta naɗe shi a zane ta ajiye. Sabo ne, har yau lagwaninsa fari fat.

Abin da ya rage na Baba ke nan: gonar da yayana ke nomawa, da rishon, da suna. Mai son gani ya zo. Amma in ya yi sallama, ya ce gidan Malam Habu. Da wancan sunan ba za a amsa masa ba.